Katangar Namun Dajin Legas: Yadda Aikin Ke Tafiya a Agege

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau Alhaji ya amince. Katangar sitonsa na goro, wadda ke kallon titin da ya gangara layin dogo, ita za mu yi wa ado. Na auna ta bayan la'asar: tsawonta mita 14, tsayinta mita 2 da ɗan ɗori. A yanzu babu komai a jikinta sai takardun talla da aka manna wani kan wani, da baƙin hayaƙin mota, da shara a gindi.

Sa tayil ne sana'ata, shekara 19 ke nan tun da na baro Zariya. Duk gidan da muka gama sai an bar buhu biyu ko uku na ɓaraguzai, a kira mai kura ya kai bola. Tun bara nake tsince masu launi ina tarawa a bayan ɗaki, ban san abin da zan yi da su ba. 'Yata ta biyu, mai shekara 9, ita ta nuna mini hanya. An ba su aikin gida su zana dabbobi biyar, ta zana zaki da giwa da raƙumin dawa da jakin dawa da wata farar dabbar ƙanƙara da ta gani a talabijin. Na ce mata, to wace dabba ce ke zaune a nan Legas? Ta yi shiru, can ta ce ɓera. A garin nan aka yanke mata cibiya. Abin ya tsaya mini a rai, domin da ta juyo da tambayar kaina, da ƙyar zan lissafa uku.

Saboda haka ƙa'ida ɗaya na kafa wa aikin: ba abin da zai hau katangar nan sai wanda ke rayuwa a jihar Legas, a ruwa ko a daji ko a sama.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kafin in taɓa guduma sai da na je gaban Malam. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san maganar surar abu mai rai ba ƙaramar magana ba ce, kuma ba na son in yi abin da zai raba kan unguwa, balle in ɗauko wa kaina zunubi da hannuna. Na same shi bayan karatun safe, na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, shawara na kawo." Na shimfiɗa masa takardun zanen.

Ya daɗe yana dubawa. Bayanin da ya yi mini shi ne, a wajen malamanmu na Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne sura mai inuwa, wato mai jiki irin na gunki, cikakkiya, ta abu mai rai. Zanen da ke shafe a bango ko a takarda kuwa sun sauko da shi zuwa karhanci. Bai ɓoye mini ba cewa akwai malaman da suka tsananta suka hana duka, kuma suna da hujjarsu. Ya ce idan niyyar ita ce yara su san halittar Allah da ke kewaye da su, shi ba zai hana ba, amma da sharaɗi uku: kada a sa siffar mutum, kada wani abu ya yi tudu ya fito daga bango, sannan mita uku na ƙarshe, inda sahu kan kai ranar Juma'a idan masallaci ya cika, a bar su da ganye da ruwa da dagi kawai.

Na karɓi sharuɗɗan da hannu biyu. Wani maƙwabcinmu, mutumin kirki mai riƙo da addini, ya ce shi dai bai gamsu ba, ba zai sa kuɗinsa ba. Na ce masa ban ga laifinsa ba. Muka yi musafaha, kuma da yamma shi ne ya aro mana tsani.

Asabar, 25 ga Janairu

Kwana huɗu muna kankare katanga ni da yarana biyu. Mun sassare tsohuwar filasta har muka ga bulo, muka yi sabuwa da yashi mai kaifi. Ɓangaren dama, kamar mita biyu, na ƙwanƙwasa na ji da ƙarfinsa, sai na bar shi, fentin kawai muka goge. A saman katangar mun zuba ɗan baki mai gangara don ruwan sama ya riƙa zubowa gaba, kada ya shiga bayan tayil. Yanzu sai jira. Siminti na son kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, ga hunturu na shanye ruwa da wuri, don haka safe da yamma yaro na yayyafa mata ruwa.

Na leƙa kasuwar Odunade da ke Coker neman fasassu. Ruwan toka da ruwan madara da ruwan ƙasa, ko mota kake so za ka cika, domin su ne yayin gidajen yanzu. Shuɗi da kore sai an tona. Ja da rawaya kuwa kamar zinare. Wani ɗan kasuwa Ibo da na bayyana wa abin da za mu yi ya ba ni kwali biyu na shuɗi da suka fashe a hanya, bai karɓi ko sisi ba, ya ce in kawo masa hoto idan an gama.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gani ya kori ji. Mun yi hayar bas muka tafi gandun dajin Lekki, ni da yarana, da 'ya'yana uku, da yaran unguwa shida da iyayensu suka yarda. Mun bar Agege bayan asuba don gudun cunkoso. A kan gadar nan ta uku da ake kira Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, yaran suka manne da taga suna kallon masunta a kwale-kwale. Huɗu daga cikinsu ba su taɓa ganin ruwan nan ba, alhali a Legas aka haife su.

Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ita ta kafa wurin a 1990, fili ne mai hekta 78, dausayi da kurmi, yanzu gine-gine sun zagaye shi ta ko'ina. Kana shiga sai ƙarar gari ta yanke. Hanyar katako ce aka shimfiɗa bisa ruwan fadama, baƙi wuluk saboda ruɓaɓɓen ganye. Ni da manyan muka hau gadar igiyar da ke ratsa kan itatuwa, mai tsawon mita 401. Daga can sama ne na fahimci irin ƙasar da aka gina Ikko a kanta: ruwa da tukurwa da laka. Duk inda muke sa tayil a Lekki da Aja, haka yake kafin a cike shi da yashi.

Birai ne suka fi ɗaukar hankalina, irin da ake kira mona. Na zauna kusan awa guda ina zana ɗaya da ya sauko kusa da mu. Da a ce daga ka na zana, da ruwan ƙasa zan yi shi gaba ɗaya. Ashe bayansa ne kawai ja-ja, ƙirjinsa da cikin ƙafafunsa fari tas, fuskarsa da shuɗi-shuɗi a kewayen ido, da ratsin fari a goshi, sannan ɗigon fari biyu a gefen gindin wutsiya. Yana cusa abinci a kumatu ya ajiye. Mun ga kunkuru babba, mun ga guza ya faɗa ruwa, mun ga ƙaguwa a bakin raminta. Kada dai bai fito mana ba.

Akwai ɗawisu a wurin, yara suka ce lallai a sa shi. Na ce a'a, asalinsa Indiya ne, kawo shi aka yi. 'Yata ta ji haushi har muka iso gida.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun zauna a shagon mai shayi don tsayar da jerin dabbobi, kuma an yi gardama sosai. Matasa na son zaki. Wani dattijo ya ce a sa gauraka, tsuntsun sarauta. Na ce duka biyun ina ƙaunarsu, amma babu su a Legas, idan muka buɗe wannan ƙofa gobe wani zai ce raƙumi. Abin da aka tsayar: biri, kada, guza, kunkurun teku da ke hawa rairayin bakin teku ya yi ƙwai, ƙaguwa, zalɓe, balbela, shirwa, jemage, ƙadangare, ɗan kunya, da ayu.

Balbela ce kaɗai ba wanda ya ja. Mahautan da ke aiki a mayankar Oko-Oba kullum suna tare da ita, tana bin shanu tana cafke ƙwarin da kofato ya tayar, kamar yadda take yi a bayan kowane garke daga nan har Sakkwato.

Wani ɗalibi da ke karatun zane a kwalejin Yaba ya zo ya zauna da mu. Shi ya ba ni labarin marigayi Yusuf Grillo, ɗan Legas da ya yi karatun zane a Zariya, ya dawo ya shugabanci sashen zane a Yaba, ya yi ado da ƙananan duwatsu da gilashi a gine-gine da dama har da filin jirgin Murtala Muhammed. Ya rasu a 2021. Na ji daɗin jin haka ƙwarai. Mu ma a Zariya mun tashi muna ganin zayyana a fuskar gidajen ƙasa, da kwanuka masu sheƙi da ake kafawa a rufin soro. Garin Babban Gwani ne, wanda ya gina masallacin Juma'a na birni. Adon bango gadonmu ne, kayan aikin ne kawai suka sauya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Filasta ta nuna. Mun ja layin ruwa da alli daga wannan kai zuwa wancan: ƙasa ruwa, tsakiya kurmi, sama sarari.

Ga yadda muke yi, ko wani zai so gwadawa a unguwarsu. Ba a bakin titi muke jera dabbobin ba, ƙura da rana da masu wucewa ba za su bari ba. A tsakar gida muke shimfiɗa zanen a kan katako, mu rufe da farar leda, mu ɗora raga irin ta filasta, sannan mu riƙa ɗiga gam muna manna gutsure ɗaya bayan ɗaya. Idan ya bushe sai a yanka ragar gida-gida, a sa wa kowane lamba a baya, a kai bango a manna da simintin tayil. Ruwa da sarari kuwa kai tsaye za mu jera su a bangon.

Abubuwa uku na koya a makon nan waɗanda shekara 19 na sa tayil ba su koya mini ba. Na farko, tayil ɗin ƙasa mai tauri, wanda ba ya shan ruwa, shi ya dace da waje. Na bangon banɗaki mai laushin ciki yana tsotse ruwa, damina biyu zai fara tsagewa. Ana gane shi da ɗiga ruwa a bayansa, idan ya shanye nan take a ware shi gefe. Na biyu, kauri ba ɗaya ba ne, sai an ƙara wa siraran siminti a baya, in ba haka ba bangon zai yi tudu da kwari, ga kuma sharaɗin Malam. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki: yadda layin gutsattsarin ya bi shi ke sa dabba motsi. Na jera cinyar biri a miƙe kamar yadda nake jera falo, ya fito kamar an daskarar da shi. Na ɓamɓare na sake, layin ya bi lanƙwasar tsoka, sai ga shi kamar zai yi tsalle.

Kowane gutsure sai an goge bakinsa a dutsen wasa wuƙa. Yara za su shafa bangon nan da hannu, ba na son jinin ɗan kowa.

Lahadi, 9 ga Maris (9 ga Ramadan)

Azumi ya rage mana gudu. Zafin Maris a Legas da ƙishirwa ba sa barin mutum ya yi aikin rana, don haka bayan tarawihi muke zama mu yi awa biyu da fitilar caji. Matan gida sun shigo aikin ba tare da an roƙe su ba. Uwargida ta zagaya gidaje ta tara fasassun tangaran da kofunan shayi, daga nan muka sami ja da ruwan gwal da muka rasa a kasuwa. Koren kwalba ya zama ganye.

Ayu muke yi yanzu, kuma shi ya fi ba ni wahala, domin ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Allah ya haɗa ni da wani tsoho mai gadi a layinmu, mutumin Yawuri, wanda ya yi su a kogin Neja tun yana saurayi. Da ya ga zanena ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wannan kifi ka zana." Na ce, "Baba, gyara mini." Ya karɓi alli ya zauna a ƙasa. Ya ce wutsiyar ayu ba a tsaye take kamar ta kifi ba, a kwance take, mai faɗi da zagaye kamar faifai. Ba shi da ƙaya a baya. Hannuwansa biyu gajeru ne, da su yake tura ciyawa baki. Leɓensa na sama mai kauri ne da gashi tsilli-tsilli, idanu ƙanana. Ciyawa yake ci, yana ɗago hanci ya shaƙi iska ya koma, kuma macen tana shayar da ɗanta nono, a hammata nonon yake. Ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na kusan shekara, shi ya sa idan an kashe uwa ɗaya an yi babbar ɓarna.

Ya ce a da ana farautarsa don nama da mai, kuma man ayu kowa ya san darajarsa a wajen masu magani. Da na gaya masa ayu na nan a ruwan Legas, ta wajen Epe da Badagry, sai ya ajiye allin ya dube ni. Shekara da shekaru yana gadi a garin nan bai sani ba. Ya ce ashe tare suka zo.

Mun yi shi da ruwan toka kala huɗu, tsawonsa mita biyu da rabi, da ɗansa a gefe. Wannan karon yawan ruwan toka a kasuwa ya yi mana rana.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Salla lafiya ranar Lahadi. Jiya da yau muka manna ayu da kada da ƙaguwa a ƙasa, biri da guza a dama. Cikon tsaga da baƙin siminti muka yi. Fari zai yi datti cikin wata ɗaya a titin nan, kuma baƙin na sa launi ya fito.

Masu Keke Napep na rage gudu suna kallo. Wata Bayerabiya mai sayar da burodi a tsallake, da muke kira Iya, ta tsallako ta tsaya gaban biri ta daɗe, ta ce a ƙauyensu tana yarinya suna shigowa gonar koko. Tun ranar ba ta bari kowa ya zuba shara a wurin.

Asabar, 26 ga Afrilu

Biri ya faɗo.

An yi ruwa da iska daren Alhamis. Da asuba yarona ya buga mini waya ya ce, "Oga, ka zo ka gani." Na tarar da rabin birin a ƙasa cikin laka, sauran yana lilo a jikin raga. Aikin mako uku.

Laifina ne, ba na kowa ba. Wannan shi ne ɓangaren da na bar tsohuwar filasta a watan Janairu. Fentin mai ne a kai, na goge sama-sama na ce ya isa, don ina son in rage buhu biyu na siminti. Simintin tayil bai kama bango ba, fenti ya kama, ruwa ya sami hanya ta baya ya ɓanɓare shi kamar ɓawon rogo. Abin da nake hana yarana yi a gidan mutane shi na yi a nan. Na tara su na faɗa musu haka a fili, don su san dalili.

Mun tsince gutsattsarin ɗaya-ɗaya daga cikin kwata, yaran unguwa suka taya mu, muka wanke a bokiti. Fuskar ta tsira gaba ɗaya, alhamdu lillahi, ita ce mai shuɗin da ba zan sake samu ba. Mun sassare wurin har bulo. Sauran bangon na bi shi da ƙotar cokalin gini ina ƙwanƙwasawa taku-taku, ina sauraron inda zai yi amon wofi. Wuri biyu ƙanana na samu kusa da wutsiyar guza, na cire na sake. Sai ƙarshen Mayu biri zai koma.

Asabar, 10 ga Mayu

Shirwa muke jerawa. Na je Oko-Oba da sassafe don in ƙara kallon yadda take karkata wutsiya idan za ta juya, sai na ga sama kusan fayau. A watan Janairu ba ka iya ƙirga su a kan mayankar. Na tambayi wani mahauci, ya ce ai kowace shekara haka ne, da ruwa ya kankama sai su ɓace, sai damina ta wuce su dawo.

Ɗalibin nan na Yaba ya bincika mana. Ashe Arewa suke tafiya. Rani suke yi a Kudu, idan damina ta sauka sai su bi ruwa su haura, lokacin da fara da gina ke fitowa a can, sannan su juyo wajen Oktoba.

Na tsaya a bakin titi na kasa cewa komai. Cin rani ke nan. Hanyar da kakanninmu suka bi da goro da shanu, tun kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, hanyar da har gobe ƙannenmu masu gyaran takalmi da masu turin ruwa ke bi, su zo bayan girbi su koma idan an yi shuka. A makon nan ma biyu daga cikin masu taya mu wanke tayil sun yi sallama sun tafi gona. Sau da yawa ana nuna mana cewa baƙi ne mu a garin nan, mu ma muna ɗaukar kanmu haka, har mutum ya yi shekara 30 bai dasa ko bishiya ɗaya ba don yana ganin gobe zai tafi. Ga tsuntsuwa tana zuwa tana komawa, kuma ba mai cewa ba 'yar Legas ba ce.

Da guda ɗaya na yi niyya. Yanzu uku za mu yi, biyu sun fuskanci Arewa, ɗaya ta juyo.

Asabar, 24 ga Mayu

Biri ya koma mazauninsa, a kan sabuwar filasta.

Ɗan kunya kuwa kamar don wannan sana'a aka halicce shi, jikinsa duk ɓawo ne jere bisa jere. Yarona ƙarami ya yanka guda 200 da 'yan kai daga tayil ruwan zuma, kowane kamar ganyen magarya. Yara da yawa sun ɗauka ƙirƙirarsa muka yi. Na ce musu yana nan a dazukan wajen Epe, ba shi da haƙori ko ɗaya, tururuwa da gara yake lasa da dogon harshe, idan ya ji tsoro sai ya dunƙule ya ɓoye fuska, daga nan ya sami sunansa. Wannan dunƙulewar da ke cetonsa daga namun daji ita ke ba da shi ga mutum, sai dai a sunkuya a ɗauka a jefa a buhu.

Ɓawon nasa ake fitarwa zuwa Asiya don haɗa magani, alhali abin da aka yi farcen hannunmu da shi aka yi ɓawon. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 2017, amma jami'an kwastan sun sha kama shi tan-tan a nan Legas, kuma a 2023 gwamnati ta ƙona kusan tan huɗu na wanda aka kama a Abuja. Ina so yaron da ya shafa shi a bangon nan, idan ya girma aka miƙo masa shi a bakin hanya, ya ƙi saya. A buɗe muka yi shi, yana tafiya a kan reshe, fuskarsa a waje.

Asabar, 14 ga Yuni

Ruwan Yuni ya tsayar da komai. Tun Babbar Salla kwana biyu kacal muka samu na aiki, ƙarƙashin tamfol. Kwata ta cika ta haura har gindin katangar, ayu ya kwana cikin ruwa na gaske. Da ya janye na bi na ƙwanƙwasa, ko ɗaya bai motsa ba. Wani farin gishiri na fitowa a tsagogin ƙasa, daga jikin siminti yake idan ya jiƙe ya bushe. Buroshi da ruwa na cire shi.

Wata magana ta taso wadda har yanzu ba mu warware ba. Wani dattijon mahauci ya zo ya bi bangon da kallo daga farko har ƙarshe, ya ce, "Ina ungulu?" Ya ce lokacin da ya zo Agege yana yaro, ba a fiɗa ba tare da ungulu na jira a kan rufi ba, su ke share abin da aka zubar kafin ya yi wari. Yanzu shekarunsa nawa rabon da ya ga ko ɗaya. Ni ma da na yi tunani, rabona da ita tun ina zuwa kasuwar Sabon Gari da mahaifina. Ba ƙaura ta yi irin ta shirwa ba. Kashe ta ake yi, da guba ko da tarko, a sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu, har ta shiga jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya tun 2015. Kuma mu faɗi gaskiya, a cikin masu wannan ciniki akwai namu.

Matasa sun ce ƙazamar tsuntsuwa ce, za ta ɓata bango. Wasu suka kama ni da bakina: ka ce sai abin da ke rayuwa a nan, to ungulu ba ta nan. Dattijon ya ce shi ya sa ma ya kamata a sa ta, don jikokinsa ba su san kamanninta ba sai a karin magana. Ni zuciyata na wajensa. Tsuntsuwar da ta yi mana aikin tsafta kyauta shekara aru-aru ta cancanci taku biyu na bango. Amma katangar ta unguwa ce, ba zan yanke ni kaɗai ba. Na bar fili a sama ta hagu, kusa da balbela, ban jera komai ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Inda muke: mita 9 cikin 14 sun kammala har da ciko. Saura kunkurun teku, zalɓe, jemage, da mita ukun Malam na ganye da dagi. Shuɗi ya ƙare ƙaf, kuma sai da shi za a yi teku. Duk mai fasasshen faranti ko tayil shuɗi a Agege, ko Mile 12, ko Idi-Araba, ya ajiye mana, za mu zo mu ɗauka. Siminti buhu uku muke nema. Alhaji ya ɗauki ɗaya.

An manna mana takardar talla a kan zalɓen da muka zana da alli, Iya ta cire ta kafin in iso. Wata malamar firamare ta kawo ajinta ranar Laraba, 'yata ce ta tsaya tana faɗa musu sunayen, da Hausa, yaran Yarabawa na faɗin nasu. Ta ce in rubuta sunayen a ƙarƙashin kowace dabba da harsunan biyu. Za mu yi, da baƙin tayil a kan fari, amma sai na sami wanda zai duba mini rubutun Yarabancin kada mu kafa kuskure da siminti.

Idan ruwa ya ɗaga a watan Agusta kamar yadda ya saba, za mu kafa tsani mu gama sama. Zaman maganar ungulu kuma ranar Lahadi mai zuwa ne bayan la'asar, a shagon mai shayi, dattijon ya ce zai zo da abokan aikinsa biyu.